Yadda ake tsayar da hukuma a iyakarta: tsarewa, haraji da fili a Maraɗi

Akwai ƙa'ida guda wadda duk bayanin nan ya rataya a kanta. Talaka yana da damar yin duk abin da doka ba ta hana ba, ma'aikacin hukuma kuwa ba shi da damar yin komai sai abin da doka ta ba shi izini. Mai sayar da goro a Babbar Kasuwa ba sai ya nuna dokar da ta halatta masa sana'arsa ba. Wanda ya zo ɗage masa tebur, shi ne zai nuna tasa. Yawancin cutar da ake yi wa mutane a ofis, a shingen hanya ko a bakin gona tana samun wurin zama ne saboda an juya wannan ƙa'ida, har mai gaskiya ya koma yana ba da haƙuri, mai iko kuma ba wanda ya tambaye shi hujja.

Inda tunanin ya samo asali

A 1215 manyan masu ƙasa na Ingila suka tilasta wa Sarki John ya sa hatimi a yarjejeniyar Magna Karta, inda ya amince ba za a kama ɗa, wato wanda ba bawa ba, ko a ƙwace dukiyarsa ba sai da hukuncin tsaransa ko dokar ƙasa. A 1679 majalisar ƙasar ta ƙarfafa dokar da ke tilasta wa mai tsaron kurkuku ya kawo wanda yake tsare da shi gaban alƙali, ya faɗi dalili. Masanin Ingila John Locke ya zo da hujjar cewa mulki amana ne, mutane sun ba da shi don a tsare musu rai da ƴanci da dukiya. Masanin Faransa Montesquieu kuma a 1748 ya ce kada mai yin doka da mai zartar da ita da mai shari'a su zama hannu ɗaya. A kan wannan Amurka ta gina sanarwar ƴancin kanta ta 1776, da tsarin mulkin 1787, da gyare-gyare goma na 1791 waɗanda suka hana bincike ba dalili da karɓar dukiyar mutum ba diyya. James Madison, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara tsarin mulkin Amurka, ya taƙaita dalilin a 1788: da mutane mala'iku ne, da ba a buƙatar gwamnati, da kuma mala'iku ke mulki, da ba a buƙatar yi mata linzami.

Wadda ta fi shafar dokokin Nijar kai tsaye ita ce sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Faransa ta watan Agustan 1789. Aya ta 5 ta ce abin da doka ba ta hana ba, ba mai hana shi. Ta 7 ta ce ba a kama mutum sai bisa doka da tsarinta. Ta 9 ta ɗauki kowa a matsayin marar laifi har a tabbatar. Ta 14 ta ba ƴan ƙasa damar sanin dalilin haraji da inda ya tafi, ta 17 kuma ta ce ba a karɓar dukiya sai don amfanin jama'a, da diyya ta adalci wadda aka biya tun kafin a karɓa.

Waɗanda suka rubuta waɗannan kalmomi ba su cika su ba. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta sanarwar ƴancin kan Amurka, ya mallaki ɗaruruwan bayi. Faransar da ta rubuta aya ta 7 ita ce ta shimfiɗa wa kakanninmu dokar indijena, wadda ta ba kwamanda ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da kotu ba, kuma ba a soke ta ba, ita da aikin tilas, sai 1946. Duk da haka kada wani ya ce maka taƙaita ikon mai mulki baƙon abu ne a nan. Sarautar Katsina da ta kafu a Maraɗi a ƙarni na 19 tana da rukuni huɗu, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi. Su ke zaɓen sarki, kuma ba ya yanke babbar shawara ba da su ba. A fiƙihu ma hujja tana kan mai ƙara ne, rantsuwa a kan wanda ya musa, kuma Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini.

Halin da ake ciki yau kowa ya san shi. Tun 26 ga Yulin 2023, ranar da sojoji suka karɓi mulki, aka dakatar da tsarin mulkin 25 ga Nuwamban 2010, a Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, a Maris 2025 kuma aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa. Amma dokokin shari'a, na fili da na haraji suna nan suna aiki muddin ba a soke su ba, haka ma yarjejeniyoyin da Nijar ta shiga, kamar ta Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 da ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin farar hula da siyasa. Da yake yanzu da umarnin shugaban ƙasa ake canza doka, kuma nan take, duk wa'adin da ya shafi al'amarinka ka tabbatar da shi wurin magatakardan kotu ko lauya a ranar da abin ya taso.

Abin da za ka tambaya, da yadda za ka tambaye shi

Ko wane jami'i ne ya tsaya a gabanka, abu huɗu kake son sani: wane ne shi kuma daga wane ofishi, wace doka ko takarda ta ba shi izinin abin da yake shirin yi, wace shaida zai bar maka a hannu, kuma wurin wa ake kai kuka in ba ka yarda ba. Yadda aka yi tambayar ya kai ita tambayar muhimmanci. "Shef, sannu da aiki. Don Allah ina son in ga takardar, in san abin da zan gaya wa mutanen gida." Wannan ya ishe ka. Ɗaga murya, nuna yatsa, riƙe hannun jami'i ko fizge takardunka, duk suna ba shi abin da bai zo da shi ba, wato tuhumar cin mutuncin ma'aikaci ko yi wa hukuma tawaye, kuma waɗannan laifuffuka ne na gaske a dokar hukunta laifi. Mutum yakan shiga rigima da gaskiyarsa a kan kuɗin tikiti, ya fito da tuhumar da ta fi ta farko nauyi sau goma. Kamun da ba ya kan ƙa'ida a gaban alƙali ake rushe shi, ba a bakin titi ba.

In an kira ka ko an tsare ka

Sammaci, wanda ake ce wa kwambokasiyo, ya kamata ya ɗauki sunanka, sunan ofishin da ya kira ka, rana da lokaci, sa hannu da hatimi. Ka ɗauki hotonsa da waya, ka bar wa wani a gida. Ka je da safe, a farkon mako in da hali. Wanda ya amsa kira da yammacin Juma'a yana iya kwana har Litinin don kawai ba wanda zai duba takardarsa. Ka tafi da katin ɗan ƙasa da mutum guda mai natsuwa wanda zai tsaya a waje, ba taron dangi ba.

Tsarewar bincike a kwamisariya ko wurin jandarma, wato gardabi, tana da wa'adi. A laifuffukan yau da kullum awa 48 ne. Ana iya ƙara wasu 48, amma da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, porokire, ba da ra'ayin mai bincike kaɗai ba. Bayan haka ko a sake ka ko a kai ka gaban porokire. Tuhumar ta'addanci da makamantanta suna da nasu wa'adin da ya fi wannan tsawo ƙwarai. Tun da awa ake ƙirgawa, abu na farko da dangi za su yi shi ne su rubuta ranar da lokacin da aka kama mutum, da wurin, da sunayen mutum biyu da suka gani. Inda abin yakan lalace shi ne a kama mutum da daren Talata, a rubuta a rajista cewa tsarewar ta fara ranar Laraba da rana. In ba wanda ya riƙe ainihin lokacin, ba mai iya musawa.

Kana da damar samun lauya tun daga lokacin kamu. Wannan ya fito daga ƙa'idar 2014 kan aikin lauyoyi ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, wadda ta fara aiki a 2015, kuma Nijar tana cikin ƙungiyar. Matsalar ita ce mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, kuɗinsu kuma ba na kowa ba ne. Don haka aka kafa hukumar ANAJJ da dokar Disamban 2011, mai ba marasa hali shawarar shari'a kyauta da kuma mai kare su a kotu, tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi. Ɗan'uwan wanda aka tsare ya je babbar kotun Maraɗi ya tambayi ofishinta tun ranar farko, kada ya jira sai an sa ranar shari'a.

Sai takardar bayani, pebe. Nan ne mutane da yawa suke yanka kansu da hannunsu. Da Hausa ake yi maka tambaya, da Faransanci ake rubuta amsa, kuma abin da aka rubuta shi alƙali zai karanta bayan wata uku, ba abin da bakinka ya faɗa ba. "Na karɓi kayan da niyyar in biya bayan kasuwa" yana iya komawa "na amsa na karɓi kayan ban biya ba". Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka ce a karanta maka layi-layi a fassara. In akwai abin da ba ka faɗa ba, ka nemi a gyara. In an ƙi, kana da damar ƙin sa hannu, sai a rubuta cewa ka ƙi, kuma wannan ba laifi ba ne. Kada ka taɓa sa hannu a farar takarda ko a shafin da aka bar rabinsa ba rubutu. Abin da ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba. Kintace a ranar farko shi ne ke zama "ya canza magana" a ranar shari'a.

Duka ko azabtarwa don a sa mutum ya amsa laifi haramun ne. Nijar ta shiga yarjejeniyar hana azabtarwa a 1998, ta kuma mai da ita laifi mai zaman kansa a 2020. Dokar shari'ar laifi ta tanadi a haɗa wanda za a kai gaban porokire da takardar likita kan lafiyar jikinsa. In an taɓa ka, ka faɗa wa likitan, ka nuna masa wurin, ka sake faɗa wa porokire ko alƙali a haɗuwarku ta farko. Tabo yana ɓacewa cikin mako biyu, ƙorafin da aka kawo daga baya kuma akan ɗauke shi dabarar tsira.

Wani abu da ya yi yawa a garin kasuwanci irin namu shi ne kai bashi kwamisariya. Kasa biyan bashi ba laifin ɗauri ba ne, aya ta 11 ta yarjejeniyar 1966 ta faɗe shi ƙarara. Abin da ke faruwa shi ne mai bin bashi ya sake wa maganar riga, ya kira ta cin amana ko damfara, don a tsare mutum dangi su kawo kuɗi. Bambancin yana cikin yadda kuɗin ya shiga hannu. Wanda ya sayi buhu 50 na wake bashi, farashi ya faɗi ya kasa biya, bashi ne a kansa. Wanda aka ba buhu 50 ya kai Dan Isa ya miƙa wa wani, ya sayar ya ci kuɗin, ya ci amana. Saboda haka takardar da aka rubuta ranar ciniki, mai cewa "saye ne, za a biya ranar kaza", ita ce ke raba mutum da gidan kaso. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka. Shi kuma mai bin bashi yana da hanyarsa ta halal, wato neman umarnin biya daga kotu a ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da ta daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka.

In alƙali ya sa hannu a takardar kai mutum gidan kaso kafin shari'a, ana iya neman sakin talala a rubuce a kowane lokaci. Abin da ke taimakawa shi ne shaidar cewa mutum ba zai gudu ba: takardar zama a unguwa, shaidar sana'a, iyali, da mai tsaya masa. In an yanke hukuncin laifi a gabanka, kwana 10 kake da su na ɗaukaka ƙara, a ofishin magatakardan kotu, wanda ke tsare kuma ta hannun ofishin gidan kaso. Kwanakin nan sukan ƙare dangi suna ta yawon neman wanda ya san wani.

Binciken gida kuwa, ƙa'idarsa gajera ce. Ba a fara shi bayan ƙarfe 9 na dare har gari ya waye, sai in daga cikin gidan aka yi kururuwar neman taimako ko a wasu laifuffuka na musamman da doka ta ware. Ana yin sa a gaban mai gida ko wakilinsa, in babu su a gaban shaidu biyu. Duk abin da aka ɗauka a lissafa shi a takarda. Ka tabbata an rubuta adadin kuɗi da lambar waya ko ta babur, ba "wasu kuɗi" ko "waya ɗaya" ba.

Haraji, tikiti da tara

Rigimar da ta haifi Amurka a kan haraji ta fara, tun daga harajin tambur na 1765 da aka ɗora wa mutanen da ba su da wakili a majalisar Landan. Darasin da ya rage shi ne ba a karɓar kuɗin mutum sai da doka. Biyan haraji wajibi ne, da shi ake kwashe shara a gina aji. Amma kowane haraji yana da suna, yana da adadi a rubuce, yana da asusun da yake shiga: na ƙasa ta hannun ma'aikatar haraji, na gari ta hannun ma'ajin ma'aikatar magajin gari.

Resi na gaskiya yana da lamba a jere, da sunan hukumar da ta buga shi, da kwanan wata, da adadin kuɗi, kuma daga littafi ake yago shi, gindinsa ya rage wurin mai karɓa. Ga inda ake samun mutane: mu da dala muke lissafi, takarda kuwa da faran take magana. In ka biya dala ɗari, resi ya nuna 500. In ka biya jika biyu, ya nuna 2.000. Wanda ya biya dala ɗari aka ba shi tikiti mai 100, dala ashirin kawai ta shiga asusu, tamanin sun bi iska. Ka duba kwanan wata ma, don tikitin jiya yakan dawo yau. Ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita da aka ci tara ya tambayi sunan laifin, ya biya a karɓi resi. In an kai babur furiye, wato wurin da hukuma ke ajiye abin hawan da ta kama, ya nemi takardar da ta nuna lambarsa da ranar shigarsa, don kuɗin ajiya da kwana ake lissafa shi.

"Kawo rabi mu rufe maganar" yana da daɗin ji, amma wanda ya biya ba resi bai biya ba a idon doka, gobe wani zai zo ya nemi cikakken kuɗin. Mai bayarwa kuma yana cikin laifin cin hanci tare da mai karɓa. Karɓar abin da jami'i ya san ba a bin mutum, ko fiye da abin da ake bin sa, laifi ne mai sunansa a dokar hukunta laifi, kuma resi ko rashinsa ne ke tabbatar da shi. Mai shago ya ajiye resin shekaru a jaka guda, ya ɗauki hoton kowane, don tawadar wasu takan goge kafin shekara ta zagayo.

Fili da gona

Doka tsakanin talaka da hukuma kamar gambar iyakar gona take: in ba a kula da ita, kowace damina sai an ci taku ɗaya, har ranar da ba wanda ya tuna inda take. A maganar fili, wannan ba misali ba ne kawai, don ƙasar Maraɗi ta cika, gonaki sun tsuke, gari kuma yana ta cin karkara ta wajen Jiratawa da Tibiri.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba haƙƙin da aka samu ta al'ada kariya daidai da wanda aka samu ta takarda. Gonar gado taka ce ko ba ka da ko ƙyalle. Sai dai ranar gardama, shaidun da suka san iyaka sun tsufa ko sun rasu. Hanyar rigakafi ita ce hukumomin filaye: kofob a ƙauye ƙarƙashin mai gari, kofokom a ƙaramar hukuma, kofodep a gunduma. Ka je wurin mai gari ka nemi takardar shaidar mallakar gado. Za a zaga gonar da maƙwabtan iyaka ta kowace kusurwa, a sanar da jama'a don mai ja ya fito, sannan a rubuta. Akwai takarda daban ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina, kuma kada a yarda a yi amfani da ɗaya a madadin wata. Aro da jingina da ba a rubuta ba su ne uwar rigima: bayan shekara 20 ƴaƴan wanda aka ara wa sun tashi sun ga ubansu yana noma wurin, ba mai gaya musu ba nasu ba ne. Mace da ta gaji gona ta sa a rubuta rabonta da sunanta, ko da yayanta ne zai ci gaba da nomawa, shi kuma a yi masa takardar aro.

A cikin gari, takardar sayar da fili ta ma'aikatar magajin gari mataki ne, ba ƙarshe ba. Mai ƙarfin da ba a ja da shi shi ne titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallakar fili ta ma'aikatar safiyo da rajistar filaye, kuma tun 2006 aka kawo sauƙaƙƙen nau'insa mai suna Sheda. Kafin ka sayi fili, ka ɗauki lambar rukuni da lambar filin ka je ofishin filaye a duba sunan da ke rajista, ka sa mai awo ya nuna maka duwatsun iyaka huɗu a ƙasa, ka tambaya ko wurin ba a ware shi don makaranta, hanya ko filin jama'a ba. In filin gado ne, sai da takardar magada da yardar dukansu. A rubuta kuɗin da lamba da kuma harafi, da faran.

Gwamnati tana da ikon karɓar fili don hanya, asibiti ko layin lantarki, ba a musa wannan. Amma dokar 24 ga Nuwamban 1961, wadda aka gyara a Yulin 2008, ta ɗaure ikon da matakai: a ayyana aikin a matsayin na amfanin jama'a, a buɗe bincike inda mai bincike zai karɓi bayanan mutane a rajista, a ƙirga masu haƙƙi da dukiyarsu, a nemi daidaitawa kan diyya a gaban kwamiti, in ba a daidaita ba alƙali ya yanke, a biya, sannan a karɓa. Ranar ƙirga ita ce ranar da ba a fashi. Ka tsaya da kanka, ka sa a rubuta kowane ɗaki da irin gininsa, katanga, rijiya, rumbu, da itatuwa ɗaya-ɗaya da irinsu, don mangwaro mai ƴaƴa da gawo ba kuɗinsu ɗaya ba. Ka ɗauki hotuna, ka nemi kwafin takardar ƙirgarka. Abin da aka gina bayan an rufe ƙirga ba a biyan sa. Kuma in ka sa hannu a takardar daidaitawa, ka rufe wa kanka ƙofar alƙali a kan adadin, don haka kada ka sa hannu a ranar da aka fara gaya maka kuɗin.

Ƴancin mai gona yana da tasa iyakar. Burtali, makiyaya da mashaya dukiyar jama'a ce, dokar kiwo ta Mayun 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa, kuma hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki kowace shekara. Wanda ya nome burtali ya ci haƙƙin wani, kamar yadda wanda ya saki shanu a hatsi kafin ranar ya ci. Ɓarna ana kai ta wurin mai gari ne a kimanta. Rikicin manoma da makiyaya da ya faru a ƙauyen Toda a 1991, inda aka kashe mutum sama da 100, yawancinsu mata da yara, ya isa ya nuna inda ɗaukar doka a hannu ke kaiwa. Masu cewa a taƙaita gwamnati ba cewa suka yi a rasa ta ba. A rikicin gona ma doka ta sa a fara da sulhu wurin sarakunan gargajiya, daga mai gari zuwa sarkin kanto. Sulhu suke yi, yanke hukunci na alƙali ne. Ko an shirya ko ba a shirya ba, ka nemi takardar zaman, don ita kotu za ta fara tambaya.

Kai kuka a rubuce

Kukan baki a ofis ba ya barin sawu. Ka rubuta wasiƙa shafi guda: sunanka da inda kake, abin da ya faru da rana da wuri, matakin da kake ƙorafi a kai da lambarsa in yana da ita, sai abin da kake nema a jimla ɗaya. Ban da zagi, ban da tarihin kakanni. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata da lamba a ɗayan. Wannan hatimi shi ne rabin shari'arka. Kada ka ba da takardunka na asali, ka ba da kwafin da aka tabbatar a ma'aikatar magajin gari ko kwamisariya. In abu ne da zai iya gushewa, kamar katangar da aka rusa ko shagon da aka garƙame, wisiye, wato jami'in shari'a mai rantsuwa, yana zuwa ya rubuta abin da ya gani, kuma kotu tana ba takardarsa nauyi.

Matakin hukuma, irin su rufe shago, janye izini ko ƙwace fili, ana fara ƙalubalantarsa wurin wanda ya ɗauke shi ko na sama da shi, perefe, gwamna ko minista, sannan a je kotun da ke duba ayyukan gwamnati a nemi a soke shi don wuce iyakar iko. Wa'adin nan da kwanaki ake ƙirga shi, daga ranar da aka sanar da kai, saboda haka wasiƙar ta fita a makon. Ƙorafi a kan mai bincike wurin porokire ake kai shi, don shi ke kula da aikin binciken laifi. Dokar Fabrairun 2011 kan samun bayanan hukuma ta ba ka damar neman kwafin takardun gwamnati da ba na sirri ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kamar ANDDH, wadda aka kafa a 1991, suna taimakawa da shawara.

Akwai ƙofar da ta rufe. A 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar saboda ba ta kare ta daga bauta ba, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka sabon ƙorafi ba ya bin wannan hanya. Hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul tana karɓar ƙorafi, amma sai an gama da kotunan gida, tana ɗaukar shekaru, kuma shawara take bayarwa.

Game da waya: ɗaukar hoton takardunka da raunin jikinka da kayanka da aka lalata shaida ce mai kyau. Watsa sunan jami'i da zargi a WhatsApp ko Facebook wani abu ne daban. Dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran Yunin 2024, ta dawo da ɗauri a kan ɓata suna, zagi da yaɗa abin da aka ɗauka yana iya ta da hankalin jama'a, kuma wanda ya tura saƙon wani gaba yana iya shiga ciki. Hotunan ka tura wa mutum guda amintacce ya ajiye, ka buga kwafi biyu a takarda, ɗaya ya bi wasiƙarka zuwa ga porokire ko lauya, ɗaya ya zauna a gida tare da resi da takardun fili.